Daga Kalangu zuwa Ƙwayar Lantarki: Tarihin Sautin FM da Sana'ar Kiɗan Fiyano a Bauchi

Kaso mai yawa na kiɗan da ke tashi yau a wuraren biki da tarukan siyasa da majami'u na birnin Bauchi daga na'ura guda yake fitowa, wato fiyano, wadda mutum ɗaya ke zama a gabanta ya fitar da amon ganga da sarewa da tafi a lokaci guda. Tarihin wannan na'ura ya haɗu da na wani abin da ba kasafai ake kawo shi cikin zancen kiɗa ba, wato na'urorin wasan gem na shekarun 1980 da 1990, domin kuwa kamfani ɗaya ne, Yamaha na ƙasar Japan, ya ƙera ƙwayoyin lantarkin da ke samar da sauti a cikin da yawa daga ƙananan fiyano na wancan zamani da kuma cikin na'urar Sega da yara suka yi ta bugawa a shagunan gem. Ƙwayar lantarki ita ce ɗan baƙin abin nan mai jerin ƙafafun ƙarfe da masu gyaran rediyo ke kira aisi, fasahar da waɗannan ƙwayoyi ke aiki da ita kuma ana kiran ta FM. Arha ce ta kawo sautin FM ƙasar Hausa, bukatar makaɗan zamani ta kwaikwayon kayan kiɗan gargajiya kuma ita ta sa aka yi saurin barin sa, amma a ɗan zaman da ya yi ya share fagen sauyin da ya taɓa sana'ar kiɗa har tushenta.

Kiɗa a Bauchi kafin zuwan lantarki

Tun da Malam Yakubu, ɗaya daga cikin masu tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya bar Inkil ya kafa birnin Bauchi a shekarar 1809, kiɗa ya samu gurbi a tsarin sarauta da na sana'o'i kamar yadda yake a sauran masarautun daular Sakkwato. Fada tana da tambari da kakaki da algaita, waɗanda ake kaɗawa ko busawa a lokacin naɗin sarauta da hawan salla, kuma ba a yi wa talaka amfani da su komai dukiyarsa. Masu sana'a su ma kowa da kiɗansa: kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, mata kuma suna da shantu da kiɗan ƙwarya a cikin gida, ban da kaɗe-kaɗen Gerawa da Jarawa da sauran al'ummomin da birnin ya tarar ko ya yi maƙwabtaka da su.

Abubuwa biyu ne suka riƙe wannan tsari. Na farko shi ne gado, domin ɗan makaɗi ne ke zama makaɗi, yana fara bin mahaifinsa da ɗaukar kaya tun yana ƙarami, ya koyi ɗaura fata da ɗinke ta kafin a yarda ya riƙe gula a gaban jama'a. Na biyu shi ne yawan hannaye, domin ƙungiyar kiɗa ta ƙunshi shugaba mai waƙa da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira, kuma duk kyautar da aka samu, riga ce ko doki ko kuɗi, sai an kasafta ta a tsakaninsu. Akwai kuma wata siffa ta kiɗan kansa da ta dace a riƙe, domin za ta taso a gaba: Hausa harshe ne mai karin sauti, inda hawa da saukar murya ke bambanta ma'anar kalmomi, don haka kalangu yana iya faɗin take da kirari ba tare da mawaƙi ya buɗe baki ba, mai sauraro kuma ya gane wanda ake wasawa.

Rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da faifan garmaho da kaset sun yaɗa wannan kiɗa ba tare da sun sauya yadda ake yin sa ba. Ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairun 1976 ne ya kawo wa birnin ma'aikata da 'yan kasuwa daga sassa da dama, sannan aka kafa jami'ar fasaha ta tarayya a 1980, wadda daga baya ta ɗauki sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka kuma buɗe kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. A wannan zamani ne kunnuwan Hausawa suka fara sabawa da kayan kiɗan lantarki ta hannun ƙungiyoyi irin ta Bala Miller a Kaduna, yayin da a Yamai Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da wata na'urar kiɗa ƙirar Italiya. Sai dai irin waɗannan na'urori suna da nauyi da tsada, don haka ba su wuce otal-otal da gidajen rediyo da manyan majami'u ba.

Asalin fasahar FM

Sauti kaɗawar iska ce, kuma yawan kaɗawar a daƙiƙa guda shi ke sa amo ya yi kauri ko ya sirance. Makaɗan Turai, alal misali, suna saita kayansu da amon da ke kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. A shekarar 1967 wani mawallafin kiɗa a Jami'ar Stanford ta Amurka, John Chowning, yana gwajin sa amo ya riƙa rawa a kwamfuta, wato ya hau ya sauka, sai ya lura cewa idan rawar ta yi sauri ƙwarai kunne ba ya ƙara jin hawa da sauka, wani sabon amo yake ji mai wata siffa dabam. Ana iya fahimtar haka ta kalangu: makaɗi yana matsa igiyoyinsa a hammata sau ɗaya ko biyu a daƙiƙa, sai a ji murya ta hau ta sauka, to da zai iya matsawa da saki sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, da muryar kalangun ce gaba ɗaya za ta rikiɗe. Wannan juya yawan kaɗawar wani amo ta hanyar wani amon shi ne FM, kuma ƙa'ida ɗaya ce da wadda tashoshin rediyon FM ke ɗora murya a kan zangonsu, bambancin kawai shi ne a kiɗa dukkan amon biyu suna cikin iyakar abin da kunne ke ji.

Amfanin wannan bincike ya ta'allaƙa ne ga lissafi mai sauƙi. Idan yawan kaɗawar amon da ke juyawa ya yi daidai da na wanda ake juyawa, ko ya ninka shi sau biyu ko uku cif, sai a samu amo mai tsabta irin na sarewa ko kakaki. Idan kuwa ninkin ya zo da ɓurɓushi, sai amon ya koma na ƙarfe, irin na ƙararrawa ko kuge. Ke nan da amo biyu kacal da 'yan lambobi ana iya samar da abin da a da sai an tara kayan lantarki masu yawa. Chowning ya wallafa bincikensa a 1973, kamfanonin Amurka masu ƙera kayan kiɗa ba su ga amfaninsa ba, amma injiniyoyin Yamaha da ke birnin Hamamatsu suka gane, kamfanin ya karɓi lasisi daga jami'ar, wadda ta samu kimanin dala miliyan 20 daga haƙƙin mallakar kafin wa'adinsa ya ƙare.

A 1983 Yamaha ta fitar da DX7 a kan dala 1,995, na'ura mai ofareta shida, wato ƙananan injinan lissafi da kowanne ke samar da amo guda, da kuma hanyoyi 32 na jera su domin wani ya juya wani. An sayar da ita fiye da duk wata na'urar ƙirƙirar sauti da ta gabace ta, amon fiyanonta mai ƙyalli da na bas ɗinta suka cika waƙoƙin Amurka da Ingila na shekarun 1980. Amma tsara sabon amo a cikinta yana da wuyar gaske, saboda ƙara lamba ɗaya kan iya juya sarewa ta koma ƙarar ƙarfe, don haka yawancin makaɗa suka tsaya ga sautukan da kamfani ya zuba mata tun daga masana'anta. Wannan ɗabi'a ta dogara ga shiryayyen sauti ita ce ta biyo fiyano har ƙasar Hausa.

Ƙwayoyin gem

Bayan nasarar DX7 sai Yamaha ta taƙaita fasahar cikin ƙwayoyi masu arha ta riƙa sayar wa wasu kamfanoni. YM2151 ta shiga manyan injinan gem na gidajen wasa tun daga 1984. YM3812 ta shiga katunan sauti na kwamfuta irin su AdLib da Sound Blaster, ta kuma shiga ƙananan fiyano irin su PSS-470. YM2413, wadda ta fi su arha, ta shiga na'urar gem ta Master System ta Japan da fiyano irin su PSS-170. Wadda ta fi shahara ita ce YM2612 ta cikin Sega Mega Drive, wadda ta fito a Japan a 1988, a Amurka a 1989 da sunan Genesis, a Turai kuma a 1990, aka sayar da kimanin miliyan 30 a duniya. Wannan ƙwaya mai ƙafafu 24 tana da muryoyi shida, kowace murya da ofareta huɗu da hanyoyi takwas na jera su, murya ta shida kuma ana iya juya ta ta riƙa fitar da gajeren sautin da aka naɗa, kamar bugun ganga ko muryar mutum.

Dalilin da ya sa masu gem suka rungumi FM shi ne ƙarancin ma'aji. Kaset ɗin wasan Sonic na farko, wanda ya fito a 1991, kilobayit 512 ne gaba ɗayansa, hoto da motsi da kiɗa, alhali minti ɗaya na waƙa a faifan CD yana cin kimanin megabayit 10. Saboda haka ba waƙa ake ajiyewa a cikin kaset ba, umarni ake rubutawa: murya kaza ta fitar da amo kaza na tsawon kaza, ƙwayar kuma ta ƙirƙiro sautin nan take. A cikin wannan ƙunci ne mawallafa irin su Masato Nakamura, wanda ya tsara kiɗan Sonic, da Yuzo Koshiro, wanda ya yi na Streets of Rage a 1991 da 1992, suka fitar da ayyukan da har yanzu ake saurare.

Hanyoyin da sautin ya bi zuwa Bauchi

Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, sabon kaya ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, kasuwar kayan Beljiyam da na Kwatano ta buɗe, tsofaffin kayan lantarkin Turai suka riƙa sauka a Legas da Kwatano suna hawowa Kano da Jos, daga nan su isa shagunan Wunti da sauran kasuwannin Bauchi. Ta wannan hanya ce ƙananan fiyano na Yamaha da Casio, waɗanda a ƙasashensu kayan koyon yara ne, suka shigo hannun matasa da ƙananan majami'u, kuma da yawa daga cikin na Yamaha na ƙarshen shekarun 1980 ƙwayar FM ce a cikinsu. Suna aiki da batir, suna da lasifika a jikinsu, suna kuma da kiɗan rakiya da ke tashi da kansa da zarar an danna maɓalli, abubuwan da suka dace da garin da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Hanya ta biyu ita ce shagon gem. Ɗaki ne ƙarami mai benci biyu ko uku, da talabijin mai ƙusumbi a kan tebur, da na'ura a ƙarƙashinta, yara biyu na riƙe da abin sarrafawa, wasu goma na tsaye a bayansu suna jiran wanda za a cinye ya tashi. Idan kaset ya ƙi kamawa sai mai shago ya zare shi ya hura masa iska ya mayar, idan an ɗauke wuta kuma a jira janareta. Na'urori iri biyu ne suka fi yawa kafin zuwan PlayStation: kwaikwayon Famicom ta Nintendo, mai siririn amo wanda ba na FM ba ne, da kuma Sega, wadda ake ganewa tun daga bakin titi saboda kaurin bas ɗinta da ƙarar ƙarfen da ke cikin kiɗan Mortal Kombat da Sonic. Na'urorin da aka ƙera domin ƙasashe masu tsarin talabijin na PAL, irin wanda Nijeriya ke amfani da shi, suna sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa maimakon 60, don haka wasannin da ba a gyara ba, har da Sonic na farko, suna tafiya da jinkirin kimanin kashi 17 cikin ɗari, kiɗansu ma haka. Ke nan yaron da ya haddace kiɗan Sonic a irin wannan na'ura ya haddace shi ne da taku mai nauyi fiye da yadda mawallafinsa ya tsara.

Hanya ta uku ta zo ne bayan fara aikin wayar salula a Nijeriya a 2001, domin wayoyi da yawa na kamfanoni irin su Samsung da LG masu kiɗan kira mai muryoyi da dama suna ɗauke da ƙwayoyin Yamaha na jerin MA, waɗanda su ma da FM suke aiki. Ta waɗannan hanyoyi uku mutanen Bauchi suka shafe kusan shekara ashirin suna jin fasahar Chowning a majami'a da shago da aljihu.

Kano da rinjayen sautin samfur

Sana'ar kiɗan fiyano a matsayin hanyar cin abinci a Kano ta tsaya da ƙafafunta, tare da finafinan bidiyo da suka fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Binciken Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya nuna cewa da ƙaramar Casio aka fara yi wa finafinan kiɗa, sannan kamfanin Iyan-Tama ya sayi Yamaha PSR-220 a 1996, daga baya kuma PSR-730, wadda zamaninta ya zo daidai da fim ɗin Sangaya na 1999, wanda waƙarsa ta buɗe kasuwar da daga baya aka san ta da nanaye. Abin lura shi ne waɗannan fiyano biyu ba na FM ba ne. Suna aiki ne da samfur, wato gajeren sautin kayan kiɗa na gaske da aka naɗa aka ajiye a ma'aji, fasahar da ta yi arha a shekarun 1990 sakamakon faɗuwar farashin ma'ajin lantarki.

Rinjayen samfur a kan FM a ƙasar Hausa yana da dalili bayyananne. Mai kiɗan fim yana neman abin da Bahaushe zai ji ya ce ganga ce ko sarewa ko goge, kuma a wannan fage sautin da aka naɗa ya fi wanda aka lissafa kusa da gaskiya. Ma'aunin General MIDI na 1991 ya tanadi sautuka 128 da kusan kowace fiyano ke ɗauke da su, a cikinsu akwai shanai ta Indiya, wadda ƙirarta da amonta suka yi kusa da algaita, da goge irin na Turai, da banjo mai kama da garaya, da sarewa iri-iri, da agogo na Yarabawa da Brazil mai kama da kuge. Ba a naɗi kalangu ko kotso ko kuntigi a Hamamatsu ba, don haka gwanintar mai fiyano ta koma zaɓen mafi kusa da haɗa biyu ko uku har su ba da abin da ake so. Kunnuwan da suka shekara da shekaru suna jin waƙoƙin finafinan Indiya a silima kuwa ba su ɗauki shanai da sarewa a matsayin baƙi ba.

Wannan sauƙi ya zo da asara. Fiyano tana raba tsakanin amo da ninkinsa gida goma sha biyu daidai wa daida, bisa tsarin Turai, alhali algaita da goge da muryar mawaƙin gargajiya suna sauka a wuraren da ke tsakanin maɓallai, suna kuma zamewa daga amo zuwa amo. Ɗan gargaren da ke gefen hagu na wasu fiyano, wanda ake murzawa domin lanƙwasa amo, yana rage matsalar amma ba ya kawar da ita. Ganga ta samfur kuma ba ta magana, domin kowane bugu da amo ɗaya yake fita, saboda haka take da kirarin da kalangu ke faɗi suka fice daga kiɗan zamani, nauyin ma'ana duka ya koma kan baitocin mawaƙi.

Sauyin sana'a a Bauchi

Bauchi tana tsakanin cibiyoyin naɗar sauti biyu, Jos mai nisan kimanin kilomita 130 da Kano mai nisan kimanin kilomita 300 ta hanyar Ningi, kuma daga waɗannan garuruwa ne salon aiki ya iso situdiyoyin birnin. Tsarin aikin ya bambanta da na dandali ta kowace fuska. Mawaƙi yana zuwa da baitocinsa a littafi, ya rera amshi sau biyu ko uku ba tare da kiɗa ba, mai fiyano yana lalubo maɓallin da ya dace da muryarsa, sannan ya tsayar da saurin taku. Daga nan sai ya ɗora ganga, ya koma farko ya ɗora bas, ya sake komawa ya sa sarewar da za ta riƙa amsa wa mawaƙi a ƙarshen kowane ɗango, kowanne a layinsa, a adana a faifan fulofi a wancan lokaci, a kwamfuta a yanzu. Sai kiɗa ya kammala mawaƙi ke shiga ɗan ɗakin da aka lulluɓe bangonsa da soso ya ɗora murya, 'yan amshi su yi nasu sau ɗaya a riƙa maimaita shi da na'ura. A dandali makaɗa ne ke bin mawaƙi, su ja idan ya ja, su sassauta idan ya sassauta. A situdiyo mawaƙi ne ke bin na'ura.

Ta fuskar zamantakewa, fiyano ta raba kiɗa da gado. Ɗan malami da ɗan kasuwa da ɗalibin jami'a, waɗanda iyayensu ba za su lamunci su rataya kalangu ba, sun zauna gaban fiyano ba tare da an kira su maroƙa ba, saboda ana kallon ta a matsayin na'ura irin kwamfuta, ana kuma biyan ladan aiki a kan kowace waƙa maimakon jiran kyauta. Majami'un unguwanni irin su Yalwa, inda ake rera waƙoƙin sujada da Hausa, sun zama makarantar da matasa da yawa suka koyi sarrafa maɓallai da hannu biyu. 'Yan siyasa ma sun gane cewa waƙar da aka gama cikin yini guda aka zuba a kaset tana isa ƙauyukan da ƙungiyar makaɗa ba za ta kai ba, kuma waƙoƙin adawa na Haruna Aliyu Ningi gabanin zaɓen 2007, wanda jam'iyyar ANPP ta karɓi kujerar gwamnan Bauchi a cikinsa, sun nuna ƙarfin wannan hanya. Sha'irai masu begen Annabi, waɗanda a da murya zalla ko mandiri suke amfani da shi, su ma da yawansu sun koma fiyano, abin da ya jawo muhawara tsakanin malamai kan halaccinta, musamman bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar a 2001. Makaɗan gargajiya sun riƙe fada da hawan salla da naɗin sarauta, amma kaso mai yawa na bukukuwan aure ya koma hannun mai fiyano da DJ. Daga tsakiyar shekarun 2000 kuma manhajoji irin su FL Studio da Cubase suka mayar da fiyano kanta 'yar rakiyar kwamfuta.

Dawowar tsohuwar ƙwaya

A daidai lokacin da ake zubar da tsofaffin Sega da ƙananan fiyano a nan, wasu makaɗa a Turai da Amurka da Japan sun koma neman su. Akwai masu haɗa Mega Drive da fiyano ta wayar MIDI su kaɗa ta kai tsaye, akwai masu rubuta mata kiɗa da manhajoji irin su DefleMask da Furnace, akwai kuma masu ƙera sababbin na'urori a kan tsofaffin ƙwayoyin. A 2020 kamfanin Twisted Electrons na Faransa ya fitar da MegaFM, mai ƙwayoyin YM2612 guda biyu da muryoyi goma sha biyu, inda aka ba kusan kowace lamba ta ofareta madanninta a fuskar na'urar, ta yadda abin da ya gagari masu DX7 ya koma aikin yatsu. Abin da masu sha'awar ke nema har da wani aibi na ƙwayar: sashenta mai mayar da lissafi sauti yana gurɓata amo idan ya yi ƙasa ƙwarai, ya ba shi wani kaushi, aibin da Yamaha ta rage a ƙwayar YM3438 da ta gaje ta, amma yanzu shi ake biya da tsada. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ma ya sake fitar da kaset ɗin Mamman Sani a 2013, ya kuma fitar da ayyukan Hama, mai kiɗan fiyano na Yamai, ga masu sauraro a ƙasashen waje.

Akwai abin da wannan ƙwaya za ta iya yi wa kiɗan Hausa wanda ba a nema daga gare ta ba a zuwanta na farko. YM2612 ba ta san maɓallai goma sha biyu ba, lamba take karɓa, kuma tsakanin amo da ninkinsa tana da ɗaruruwan matakai, don haka ana iya saita ta a kan ainihin amon algaitar fadar Bauchi ko gogen wani makaɗi, a kuma sa ta zame daga amo zuwa amo yadda kalangu ke yi idan yana faɗin take. Amon ƙarfe da na itace da na fata mai tauri, waɗanda FM ta fi ƙwarewa a kansu, su ne kuma ginshiƙin kuge da dundufa da kotso. Haɗa irin wannan ƙwaya da ƙaramin allon sarrafawa aiki ne da bai fi ƙarfin ɗalibin injiniyan lantarki ba.

Saboda haka ya kamata sassan injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya su haɗa kai da masu situdiyo da makaɗan fada, a auna amon kayan kiɗan Bauchi a rubuta shi, a gwada gina na'urar da ke bin sa. Haka kuma ya dace hukumomin adana kayan tarihi da gidajen rediyon jihar su tattara tsofaffin fiyano da faifan fulofi da kaset na shekarun 1990 da 2000, su kuma naɗi bayanin mutanen da suka yi aiki da su tun suna raye. Wanda ke da tsohuwar Sega ko ƙaramar Yamaha a ɗakin ajiya kuwa, ya sani kayan tarihi ne a hannunsa, kada ya bayar da ita ga 'yan gwangwan a kan farashin kilo.